Filashin Yetunde

Mijinyawa ya sake tarar da ita a ɗakin sabar, inda manyan kwamfutocin kamfani suke, tana leƙa bayan na'urori, manaja Malam Mika'ilu na tsaye yana yi mata bayani har da murmushi. Shi da ya yi shekara da shekaru yana kula da kwamfutocin wannan kamfani na Fadaman Mada, bai taɓa samun murmushin nan ba.

Sunanta Yetunde. Daga hedikwata aka turo ta, ba a ce ga aikinta ba. Ba ta nemi tebur ba, ba ta nemi a buɗe mata akawun ba. Ita dai tambaya: wa ke sabunta manhajoji, wa ke ajiye kwafin bayanai, wa ya hana ma'aikata manna kalmar sirri a jikin allo? Amsar duk ɗaya ce, Mijinyawa. Sai ta gyaɗa kai, ta shige ofishin manaja su daɗe.

Kowa ya san za a naɗa shugaban sashen tsaron kwamfutoci kafin wata ya ƙare. Mijinyawa kuwa ba yaro ba ne. A cikin keke Napep, a hanyar komawa gida Ƙofar Ran, abin yake ta ci masa rai: shi ya yi shuka, wata za ta zo ta girbe. Ko gaisuwarta, "Oga Mijinyawa, ina gajiya?", ji yake kamar ba'a.

Ranar Alhamis, ya dawo daga sallar azahar, ya ga filashi, 'yar na'urar nan ta ajiye bayanai, a ƙasa, dab da teburinsa. An manna masa 'yar takarda: Yetunde, sabon tsarin sashe.

Shi ne ke tara ma'aikata yana ce musu filashin tsintuwa guba ne, a kawo masa, kada a saka. Akwai ma tsohuwar kwamfuta da ya ware don gwada irinsa, wadda ba ta haɗe da komai. Amma tana sito, makullin na wurin manaja, kuma me zai ce yana nema?

Ya juya filashin a tafin hannu. Sabon tsari. Wato har an tsara inda za a jefa shi a ƙarƙashinta.

Ya waiga, babu kowa. Ya soka shi a kwamfutarsa, wadda ke da izinin shiga ko'ina a kamfanin.

Fayil ɗaya ne a ciki. Ya buɗe, fari fat. Ya zare filashin, ya mayar inda ya gan shi.

Washegari da safe manaja ya kira shi. Yetunde na zaune, jakar tafiya a gefen ƙafarta. A allon da ke gabanta ya hango sunan kwamfutarsa da lokacin da ya saka filashin.

"Oga," ta ce ba tare da ta ɗago ba, "sai da na rantse wa Malam cewa kai kam ba za ka saka ba."

Mijinyawa ya ce, "To, Allah ya sanya alheri. Kujera ta zama taki."

Malam Mika'ilu ya cire tabarau, ya dube shi.

"Wace kujera? Wannan baiwar Allah mai bincike ce, yau za ta koma. An turo ta ne ta gwada ka kafin a naɗa ka, kuma har jiya da azahar babu sunan kowa a kan kujerar nan sai naka."