Kalma Ɗaya a Allon Teloli

Kalma ɗaya ce ta raba Sakatare da kujerarsa. Shugaban teloli ya dage sai an ƙara "Babbar" a sunan ƙungiya, Sakatare ya ce a bar suna yadda yake a takarda.

"Kai da ko wando ba ka iya yankawa?" in ji Shugaba. Aka kwashe da dariya, aka wurgo Sakatare waje da tsohon allon sunan ƙungiya.

Ya karkaɗe allon. Suka yi rajista da sabon suna, shi kuwa ya tara teloli bakwai ya yi da tsohon.

Ranar taro ya iso da takardar filin ofis da sabon kwaɗo.

"Ranka ya daɗe, karanta. Ofis na Ƙungiyar Teloli ne, wato mu. Ku nemi na Babbar."

Yau Shugaba a gindin bishiya yake kiran taro, zaune kan bulo.