Idon Tela

Fuskar mai karanta labarai ce ta fara yin duhu. Tela ya tashi ya goge gilashin talabijin da gefen rigarsa, ya koma ya zauna, babu abin da ya canja.

Ya tambayi babban ɗansa, wanda ya zo gaisuwa ran nan, ko shi ma dishi-dishi yake ganin hoton. Ɗan ko ɗagowa daga wayarsa bai yi ba, ya ce ai tas yake. Matar Tela kuwa dariya ta yi, ta ce ita ina ruwanta da wannan akwati, ko kunna shi ba ta iya ba, ƙura kawai take goge masa.

Mako bayan mako duhun na ƙaruwa. Farar riga ta koma ruwan toka. Mutumin da ya shekara arba'in yana zura zare a allura ba tabarau, sai ga shi a shago yana shakkar idonsa. Da can in zare ya kuskure, lasarsa yake ya sake. Yanzu sai ya ajiye allurar. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya gudu.

Sau ɗaya ya yi zancen asibiti. Matarsa ta dafa kafaɗarsa ta ce, "Baban yara, tsufa ai ba shi da likita. Ka huta haka, ka bar wa yaron nan shagon tun mutane ba su fara dawo maka da ɗinki ba."

Dama ta daɗe tana wannan waƙar, wannan karon dai ya ji. Ya miƙa wa ɗansa makulli da almakashin da ba ya bari kowa ya taɓa, ya shige ɗaki ya yi kuka.

Wata uku yana zaman gida. Wata safiya, matarsa na kasuwa, mai gyaran lantarki ya zo duba fanka. Ya kalli talabijin ya tambayi wa ya kashe masa haske haka. Ya ɗauki rimot ya danna, wani layi ya fito a ƙasa, lambarsa tara. Ya tura shi zuwa sittin, ya daidaita launi. Sai ga mai labarai fes, har ɗinkin wuyan rigarsa Tela ya hango, ya kuma ga a karkace yake.

"Ba ya raguwa da kansa, Baba," in ji mai gyara. "Hannu ne."

Tela bai gaya wa kowa ba, amma zuciyarsa tafasa take. Wa ya ci ribar makantarsa? Wa ke yawo da makulli a aljihu? Ɗan da ya koya wa riƙe almakashi da hannunsa. Ya ƙudura sai ya kama shi dumu-dumu.

Ranar da ɗan ya sake zuwa, bayan an ci abincin rana, Tela ya jingina a kujera ya rufe ido, har da ɗan minshari. Can ya ji takun sanɗa ya tsaya kusa da shi. Ya buɗe ido kaɗan. Layin ya fito, yana sauka: sittin, hamsin da tara, hamsin da takwas.

Daga tsakar gida muryar ɗansa ta taso, yana waya yana dariya.

Tela ya bi rimot ɗin da kallo. Ya gane ɗinkin hannun rigar tun kafin ya duba fuska, domin shi da kansa ya ɗinka wa matarsa ita.