Kanwa a Aljihun Dama

Tun da aka gano cutar dawaki ta hanci take shiga mutum, ta buɗe ƙwayoyin jiki kamar mai makullin gida, aka tara dawakin gari wuri ɗaya, aka kafa doka: ba mai ganin doki sai ta bayan gilashi. Duk Laraba Barau yakan je wajen goɗiyarsa Kili, da kanwa a aljihun dama kamar da. Fargabarsa ɗaya, kada ta manta shi.

"Baba, ta gilashi fa ba ta jin warinka," in ji mai tsaron ƙofa.

"To ta huta, 'yata. Shekara goma tana haƙuri da shi."

Ya ɗora tafinsa a gilashin. Kili ta matso, ta ƙyale hannun, ta sunkuya ta manna hancinta daidai aljihun.