Kaskar Jan Bijimin Baba

Wata la'asar ina ƙarama, a gidanmu na Bawku, Baba ya tsuguna yana cire wa jan bijiminsa kaska, hannunsa sai warin kananzir. Yakan ɗiga mata kaɗan, ya jira, sannan ya zare ta a hankali yana shafa wuyan dabbar.

"Ba jinin da take sha ne abin tsoro ba," in ji shi. "Yawun da take zuba masa, a nan cutar take. Haka sauro yake yi mana."

Ni Baba bai taɓa shafa ni haka ba. Sai na tsinci wata kaska mai sauran rai, na ɗora a wuyana, na matso.

"Baba, ni ma ta kama ni."

Ko juyowa sosai bai yi ba. "Je ki uwarki ta cire miki."

Bana na kai 'yata allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro, Baba ya raka mu yana dogara sanda. Da ta tsala kuka, ya karɓe ta yana hura mata wurin, yana shafa kanta da hannun nan.

Na kau da kai. Da girmana, wallahi sai da na ji haushin jaririya.