Izinin Cewa Albarka

Tun da manhajar Rumfa ta karɓe kasuwa, mai tauraro biyar kaɗai ke da ikon ƙin tayi da cewa "albarka". Tanimu mai albasa kuwa, taurarinsa uku.

Maƙwabcinsa Ilu, wanda Tanimu ne ya koya wa ɗaure buhu, jiya ya samu na biyar. Tun safe yake ta "Albarka, Hajiya!" har da shafa gemu.

Tanimu ya cika fam da haushi. Wata mata ta yi masa tayin wulaƙanci, dole ya sallama. Da ta wuce, ya sunkuya ya raɗa wa kwandonsa, "Albarka," don dai ya ji daɗinta a baki.

Wayarsa ta yi ƙara. Saura taurari biyu.

Ilu ya leƙo. "Yaya Tanimu, lafiya?"

"Albasa ce," ya ce, yana goge ido.