Gwalon Kellu

Malam Mudassir na tsaka da koyar da Turanci a makarantar Kademi sai ga Alhaji Ari janye da 'yarsa Kellu.

"Malam, gwalo yarinyar nan ta yi min a gaban baƙi. Daga yau ta gama boko."

Malam ya gyara zaman hularsa. "Alhaji, ai karatu ne. Akwai sautin Turanci da ba ya fita sai an zaro harshe tsakanin haƙora."

Ya zaro nasa, ya gwada masa. Alhaji ya kawar da kai, ya ce wa Kellu ta dage da karatu, ya tafi.

Sai da ƙarar babur ɗinsa ta ɓace Malam ya tuna bai kai ajin su Kellu wannan darasin ba tukuna.