Taɓaryar da Na Ɓoye

Gwaggo, yayar Baba, ta zo mana Gummi daga Gwashi. Kullum tun kafin kiran sallah take hawa daka, turmin kuwa a jikin bangon ɗakinmu yake. Mu ba manoma za mu kai wa fura ba, amma wa ya isa ya faɗa mata? Inna sai dai ta ja tsaki cikin zane.

Rana ta biyar na ɓoye taɓarya ƙarƙashin gado, na kwanta ina murna.

Da asuba na ji hannun Gwaggo mai sanyi a ƙafata.

"Tashi, ɗiyata, taɓaryarku ta ɓace. Aro min ta maƙwabta."

Haka na fita ina gyangyaɗi, na tada wani gidan ma. Har yau in na ji daka da asuba, tsakin Inna nake ja.